Benci ya tsaya a kilo 60, ƙugu na ciwo, abokai sun ce sai an haɗa da allura

Wa alaikumus salam ƙanena. Na karanta saƙonka har ƙarshe, bari in taƙaita shi saboda masu bin mu su san a kan me ake magana. Kace shekarunka 24, nauyinka kilo 62, wata takwas kenan kana ɗaga ƙarfe a wani jim na unguwa ta wajen Bauchi Road, da farko ƙarfi sai ƙaruwa yake har ka kai kilo 60 a benci, wato tura ƙarfe sama daga ƙirji kana kwance, daga nan abu ya tsaya cak kusan wata uku duk da kullum kana zuwa, ga shi kuma ƙugu ya fara damunka duk ranar da ka ɗaga ƙarfe daga ƙasa. Abokanka sunce jikinka ne ya kai iyakarsa, sai dai ka haɗa da allurar ƙara tsoka ko sha-ka-fashe, shi ne kake tambaya ko gaskiya ne.

Ba gaskiya bane. Aikina kenan a nan Jos, gashin ƙashi da horar da masu ɗaga ƙarfe, kuma wallahi mai shekara 24 da wata takwas kacal a ƙarfe bai ma hango iyakar jikinsa ba balle ya kai. Abin da na fahimta daga bayaninka shi ne kullum gwajin ƙarfi kake zuwa yi. Ka shiga, ka ɗora 60 ɗin nan, ka tura sau ɗaya ko biyu da taimakon wanda ya tsaya maka, ayi ihu, gobe ka dawo ka sake. Wannan auna abin da kake dashi ne kawai, shi kuma jiki ba ya ƙara komai don an auna shi.

Amma bari mu fara da dalilin da yasa farkon yayi maka daɗi, don idan ka gane wannan sauran zai zo da sauƙi. A sati shida zuwa takwas na farko yawancin ƙarfin da mutum ke samu ba daga girman tsoka yake zuwa ba, daga jijiyoyin da ke kai saƙo ne tun daga ƙwaƙwalwa ta cikin laka har zuwa tsokar. Ita tsoka ba dunƙule ɗaya bace, zaruruwa ne dubbai, an kasa su rukuni-rukuni, kowane rukuni da jijiyar da ke bashi umarni. Wani masani a jami'ar Harvard, Elwood Henneman, tun 1957 ya nuna cewa jiki ba ya tada su gaba ɗaya, ƙananan rukunai yake fara kira, sai nauyi ya ƙaru sannan ya kira manya. Kamar dai shugaban 'yan dako ne a kasuwar Farin Gada, in ledar tumatir ce yaro zai tura, sai an sauke buhunan dankali daga Bokkos sannan zai taso ƙartin. Toh sabon shiga ƙwaƙwalwarsa bata iya taso ƙartin nan da sauri kuma a tare ba, sannan tsokokin da ya kamata su saki su bada hanya suna ta riƙewa. Cikin 'yan satuttuka sai ta koya, sai kaga mutum ya tashi daga 30 zuwa 50 alhali ko rigarsa bata matse shi ba. Wannan ribar kowa yana samunta ko da wane irin shirme yake yi a jim. In ta ƙare kuwa sai abin da ya rage shi ne tsokar kanta ta ƙara kauri, shi kuma wannan aikin a hankali yake tafiya kuma yana da sharuɗɗa. Kai yanzu nan ka iso.

Tsoka tana ƙara kauri ne idan an ja ta da nauyi mai ma'ana, sau da yawa, har kusa da gajiya, sannan aka barta ta huta aka bata abinci. Bayan ka gama ɗagawa jiki yana ɗaukar kamar awa 24 zuwa 48 yana ƙera sabon furotin yana liƙawa a zaren da aka wahalar. Kaga kenan ginin a gida yake faruwa, lokacin da kake barci ko kake shago. Wanda yake buga ƙirji Litinin, Talata, Laraba har Asabar bai bar wa aikin nan fili ba, kuma kafaɗa da gwiwar hannu su zasu fara kuka don jijiyar da ta ɗaure tsoka da ƙashi bata samun jini kamar tsoka, tafi ta jinkirin warkewa. Ciwon jikin da ake ji kwana ɗaya ko biyu bayan tirenin shi ma ba shi ne ma'aunin an yi aiki ba, na san a jim ana alfahari da shi, amma yawanci alama ce kawai ta cewa ka yi abin da jiki bai saba ba, in ya saba sai ya daina zuwa kuma tsoka na ci gaba da girma abinta.

Hanyar da ake bi ba sabuwa bace. A 1945 wani likitan sojan Amurka, Thomas DeLorme, wanda shi kansa mai ɗaga ƙarfe ne, ya fara jinyar sojojin da suka dawo daga yaƙin duniya na biyu da raunin gwiwa ta hanyar basu nauyin da zasu iya ɗagawa sau goma, in ya yi musu sauƙi a ƙara kaɗan. A 1948 shi da Arthur Watkins suka daidaita abin ya koma set uku, wato zagaye uku, na goma-goma ɗin nan da har yau kake ji a bakin kowa. Abin lura, marasa lafiya aka fara yi wa wannan tsarin, masu ɗingishi, kuma suka warke da sauri fiye da yadda aka saba gani. Ƙari kaɗan, a auna shi, a maimaita.

Ga yadda zaka yi da bencinka. Ka sauka zuwa kilo 45. Na san zai yi maka ciwo a rai a gaban abokai, ka daure. Kayi set uku, kowane set ɗagawa shida, a tsakani ka huta minti biyu zuwa uku cikakku, ba sakan talatin ba, saboda man da tsoka ke ƙonawa a irin wannan ɗagawar mai nauyi yana ƙarewa cikin 'yan sakanni kuma yana buƙatar mintuna kafin ya dawo. Kowane set ka ajiye sandar alhali kana jin da sauran ɗagawa ɗaya ko biyu a hannunka. Zuwa na gaba ka nemi bakwai, na gaba takwas, ranar da ka yi tara-tara a duka set ukun ba tare da kowa ya taɓa sandar ba sai ka ƙara kilo biyu ko biyu da rabi ka koma shida. Shikenan. Sau biyu a sati ya isa, uku in ɗayan mai sauƙi ne. Ranar da ka ɗaga kilo 52 sau tara da kanka, a lissafin da muke yi ƙarfinka na ɗagawa ɗaya ya kai wajen 67, ka wuce 60 ɗin ba tare da ka taɓa ta ba ko sau ɗaya a hanya.

Sai dai akwai matsalar da ta shafi jim ɗinmu na unguwa wadda littattafan Turawa basu san da ita ba, kuma inaga ita ce rabin abin da ya tsayar da kai. Ƙarafanmu ba a auna su ba. Siminti ne aka zuba a gwangwanin fenti ko a tsohuwar taya, ko filawil da duram ɗin birki da aka samo a Dilimi, wani ya ɗaga yace wannan zai kai ashirin, shikenan sunansa ashirin har abada. Na sha ganin faifai biyu da ake kira iri ɗaya amma tsakaninsu akwai kilo uku, mutum yana ta mamakin me yasa hannun hagunsa ke makalewa. Sannan babu ƙananan faifai, daga 50 sai 60, daga 60 sai 70, wato ƙarin kashi 20 ko kusan 17 cikin ɗari a tashi ɗaya, babu jikin da zai bi wannan tsallen in ya wuce matakin sabon shiga. A jim na zamani sandar maza kilo 20 ce, ta mata 15, faifai kuma ja 25, shuɗi 20, rawaya 15, kore 10, har da 'yan ƙanana na kilo ɗaya da rabin kilo, ba don ado aka yi su ba. Dan Allah ku haɗa kai ku ɗauki ƙarafan nan ku kai wa 'yan gwangwan ko mai sayar da gas ya ɗora muku a sikeli, ku rubuta nauyin kowanne a jikinsa da fenti, har sandar. Sannan ku sa mai walda ya yanka muku 'yan faifai na kilo ɗaya-ɗaya guda huɗu.  Kai kuma ka sayi ƙaramin littafi ko ka buɗe wuri a wayarka, kwanan wata, nauyi, set, ɗagawa nawa. Wanda ba ya rubutawa yakan shekara yana ɗaga abu ɗaya yana zaton gaba yake yi.

Kwanciyar benci ma akwai gyara, tunda ban ga yadda kake yi ba zan faɗi abin da na fi gani. Kafin ka cire sandar ka matse allunan kafaɗarka biyu su haɗu ta baya ka ja su ƙasa wajen ƙugu, ka kwanta a kansu, ƙirji ya taso. Tafin ƙafa biyu a ƙasa daram, mazaunai kar su bar benci. Gwiwar hannu kar ta buɗe ta yi daidai da kafaɗa kamar fukafuki, ka ɗan jawo ta kusa da haƙarƙari, sandar ta sauka a ƙasan ƙirji daidai kan nono ko ƙasa kaɗan, ta taɓa a hankali, in zata tashi ta ɗan karkata baya zuwa saman kafaɗa. Buga sanda a ƙirji ta yi tsalle yaudarar kai ce kuma ana fasa ƙashi da ita. Babban yatsa ya zagaye sandar, kar ka yarda da riƙon nan da ake barin yatsan a gefe ɗaya da sauran, sanda tana suɓucewa ta faɗo a wuya kuma mutane sun mutu a haka. In ba mai tsaya maka kar ka ɗaure bakin sandar, don in ta danne ka ka iya karkatar da ita faifan su zube. In kana son ganin benci mai tsafta ka nemi bidiyon 'yan wasanmu masu buƙata ta musamman. Folashade Oluwafemiayo ta ɗaga kilo 167 a gasar Paralympics ta Paris a 2024, ta ci zinare ta kafa tarihin duniya, kuma su ƙafafunsu a kan benci suke a miƙe, babu turawa da ƙasa, sandar sai ta tsaya cak a ƙirji kafin ta tashi in ba haka ba alƙalai su soke. Ka kalli yadda take shirya bayanta kafin ta taɓa ƙarfen, a nan darasin yake.

Yanzu ƙugu, wanda shi ya fi damuna a saƙonka.

Dedlif, wato ɗaga ƙarfe daga ƙasa, aikin mazaunai ne da bayan cinya, shi baya aikinsa ya tsaya a sandare ya miƙa ƙarfin. Da zarar ƙasan baya ya lanƙwashe ya yi doro a ƙarƙashin nauyi, aikin ya koma kan ƙananan tsokokin gefen ƙashin baya da guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan. Kuma duk tazarar da sandar ta yi daga jikinka tana ƙara nauyin da ƙugu ke ji ko da ba a ƙara faifai ba, shi yasa muke cewa sanda ta fara daga saman tsakiyar tafin ƙafa, ta hau tana gogar sangali da cinya. Ga kuma abin da kusan ba wanda ke lura da shi. Faifan gasa faɗinsa santimita 45 ne, saboda haka sandar tana zama kamar santimita 22 daga ƙasa. Namu na siminti da filawil yawanci ƙanana ne, sandar tana kusan taɓa yatsun ƙafa, dole mutum ya sunkuya fiye da yadda ƙugunsa zai iya, dole baya ya lanƙwashe. Sau da yawa ba laifin yaron bane, laifin tsayin ƙarfen ne. Ka ɗora kowane gefe a kan bulo ko katako har sandar ta kai kusan tsakiyar sangalinka, in ma da ciwo ka ɗaga ta zuwa ƙasan gwiwa, ka rage nauyin zuwa rabin abin da ka saba, ka koyi tura mazaunai baya kana barin gwiwa ta ɗan lanƙwasa kaɗan har ka ji bayan cinya ya ɗaure. Ka sa wani ya ɗauke ka bidiyo daga gefe, abin da kake ji a jikinka da abin da kake yi ba ɗaya bane.

Numfashi kuma, kafin ka ja ka shaƙi iska zuwa ciki ba ƙirji ba, ka ƙanƙame cikin ta ko'ina, gaba da gefe da baya, ka riƙe har ka wuce wurin wahala sannan ka saki. Wannan matsin shi ke tallafe ƙashin baya daga ciki. Bel amfaninsa kenan, ya ba cikin abin da zai tura, ba ya gyara bayan da ya lanƙwashe kuma ba maganin ciwo bane. Amma riƙe numfashin nan yana harba jini sama sosai na 'yan sakanni, a wani bincike da aka yi a Kanada a 1985 an auna wani mai tura ƙarfe da ƙafa jininsa ya kai 480 bisa 350 a lokacin turawar. Mai lafiya jijiyoyinsa suna ɗauka ya koma daidai nan take. Mai hawan jini da bai san yana da shi ba fa? Kuma muna da su da yawa, har matasa. Kaje kemis ko asibiti a auna ka, minti biyu ne.

Yawancin irin ciwon ƙugun nan na tsoka ne, yana lafawa cikin sati biyu zuwa shida in an rage nauyi aka ci gaba da motsi, kwanciya rub da ciki a gado tana ƙara shi ne ma. Amma in ciwon yana sauka ta mazaunai zuwa ƙafa har ƙasan gwiwa, ko ƙafar tana sagewa kana jin kamar ba taka ba, ko yatsun ƙafa sun ƙi ɗaguwa, ka ajiye ƙarfe kaje a duba ka. In kuwa fitsari ko bayan gida ya fara kufce maka ko ya ƙi fita, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, wannan a ranar ake zuwa asibiti, JUTH ko Plateau Specialist ko duk wanda ya fi kusa, ba a kwana da shi kuma ba a kai shi wajen mai ɗori. Haka in ka ga kumburi a matsematsi da ke fitowa in ka yi nishi ya koma in ka kwanta, ƙaba ce, ƙarfe yakan tono ta a wurin da dama yake da rauni, bel ba zai mayar da ita ba.

Ban ji ka ambaci ƙafa ba ko sau ɗaya, kuma na san dalili, a jim ɗin unguwa ƙirji da ƙwanji ake so saboda su riga ke nunawa. Manyan tsokokin jikinka suna cinya da mazaunai da gadon baya. Mai kilo 62 da yake son ya cika, a can naman zai fi zama. Kuma bayan da ba shi da ƙarfi ba ya iya riƙe benci mai nauyi.

Abinci. Da aka tattara bincike 49 aka fitar a 2018, an ga amfanin furotin wajen gina tsoka yana ƙaruwa har zuwa kamar giram 1.6 a kowane kilo na nauyin mutum a rana, daga nan ƙarin ba ya wani tasiri sosai. Kai kenan giram 100 kake nema. Ƙwai ɗaya giram shida ne, huɗu sun baka 24. Rabin lita na kindirmo wajen 17. Faranti mai kyau na wake wajen 15, nama ko kifi mai girman tafin hannu wajen 25, awara 'yan yanka masu kauri ka samu goma sha wani abu, cikin hannu na gyaɗa bakwai, ƙuli-ƙuli ma ba baya ba tunda an matse man an bar furotin ɗin. Ka haɗa ka gani, ɗarin ta cika ba tare da ka sayi garin roba ko ɗaya ba. Garin furotin ɗin ba haramun bane ba kuma sihiri bane, madara ce aka tace, in da kuɗi a saya in babu ba a rasa komai ba, sai dai a kula da jabu a duba lambar NAFDAC. Abin da na fi gani ga samari irinka shi ne abincin gaba ɗaya ne bai isa ba, shayi da biredi da safe, masa ko indomi da rana, tuwo da dare, ga aiki ga tafiya ga ƙarfe kullum. Jiki ba zai yi gini ba alhali abin da ke shiga da ƙyar yake biyan na yau. Ka ƙara cin abinci na gaske, shinkafa da wake, dankali wanda Allah ya hore mana a Filato, acca, doya, fura da nono, ka raba furotin ɗin sau uku ko huɗu a yini. Ka hau sikeli sau ɗaya a sati da safe, in nauyi na ƙaruwa kamar kilo ɗaya a wata kana kan hanya, in bai motsa ba ka ƙara loma. Tsoka zalla da wuya ta wuce kilo ɗaya a wata ko a shekarar farko, bayan nan ma raguwa take, duk wanda ka ga ya kumbura cikin sati shida ruwa ne ko kitse ko allura. Barci awa bakwai zuwa tara, wannan ba shawara bace ta gefe, wanda ke kwana a waya har ƙarfe biyu ya rage wa kansa ribar tirenin ɗinsa. In kana son ƙarin abu guda da bincike ya tabbatar, garin kiriyatin ne mai taimaka wa tsoka wajen ɗaga nauyi, giram uku zuwa biyar a rana, ga mai lafiyar ƙoda.

Toh maganar abokanka. Sha-ka-fashe yawanci deksametason ne, ko maganin buɗe ciki irin su sifroheptadin, ko an haɗa su. Shi deksa maganin asma ne da kumburi da borin jini, kuma abin da zai baka mamaki shi ne cinye tsoka yake yi. Yana tara ruwa, ya tara kitse a fuska da ciki da ƙeya, hannu da ƙafa su sirance, suga ya hau, jini ya hau, ƙashi ya yi laushi, garkuwar jiki ta faɗi. Mutum ya ga kumatu a madubi ya ɗauka ƙiba ce ta lafiya. In akwai wanda ya riga ya daɗe yana sha a cikinku kar ya yanke rana ɗaya, jiki ya daina ƙera nasa sinadarin, yankewa farat ɗaya tana iya kai mutum ga suma har mutuwa, likita ne zai rage masa a hankali.

Allurar kuma, su Sustanon da Deca, ba zan maka ƙarya ince bata aiki ba don zaka gani da idonka ka daina yarda da ni. Tana aiki. A wani gwaji na 1996 a Amurka waɗanda aka yi wa allurar testosteron, wato sinadarin maza, mai yawa na sati goma ba tare da sun ɗaga komai ba sun fi waɗanda suka yi tirenin babu allura ƙara nama. Amma ka ji farashin. In jiki ya ga sinadarin na shigowa daga waje sai ƙwaƙwalwa ta daina aika wa maraina umarni, su ƙanƙance, maniyyi ya ragu wani har ya ƙare, in an daina allurar sha'awa ta mutu, ga kasala ga baƙin ciki na watanni, wasu basa dawowa daidai. Nono yana fitowa namiji kuma in ya kafu sai tiyata. Jini yana kauri, kitse mai kyau na jini ya faɗi, zuciya ta yi kauri ta kasa bugawa yadda ya kamata, ƙwayoyin da ake haɗiya kuma hanta suke ci. Ga allura ɗaya da ake yawo da ita tsakanin mutum uku a bayan jim, ciwon hanta da ƙanjamau ta nan suke bi. Ina ganin samarin nan bayan shekaru in an yi aure haihuwa ta ƙi zuwa, a lokacin ƙirjin ma ya zube, kuma raina yana ɓaci ƙwarai don babu wanda ya zaunar dasu ya gaya musu tun farko. Tramol da wasu ke sha wai don kar su ji gajiya shi ma ka nisance shi, yana rufe maka ciwon da ya kamata ya tsayar da kai, yana sa farfaɗiya, ka yi tunanin ta kama mutum sanda na saman wuyansa. Hukumar WADA mai yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ma ta haramta shi a lokacin gasa tun farkon 2024.

Satinka ya zama kwana uku, misali Litinin, Laraba da Asabar. Litinin tsuguno da sanda a kafaɗa, benci, da jan ƙarfe zuwa ciki a sunkuye ko da hannu ɗaya kana dafe da benci tunda ƙugu na ciwo. Laraba dedlif daga kan bulo, tura ƙarfe sama da kai a tsaye, da jan jiki a sanda. Asabar ka maimaita na Litinin amma bencin ya fi sauƙi. Ƙwanji da sauran ƙananan ka sa su a ƙarshe set biyu-biyu, ba zasu gudu ba. Duka dokar ɗaya ce da ta benci, in ka cika adadin ka ƙara kaɗan, ƙafa da baya sun fi ɗaukar ƙari da sauri. Awa ɗaya ta isa. Duk bayan sati shida ko takwas ka yi sati guda da rabin aikin don gaɓoɓi su huce.

Kuma ka san garinmu, muna sama da mita 1,200, sanyin asuba na Disamba da Janairu ba wasa bane, kar ka fito daga bargo ka faɗa ƙarƙashin nauyi. Minti biyar zuwa goma na tsalle da igiya ko sassarfa har jiki ya yi ɗumi, sannan sanda zalla sau goma, sannan rabin nauyin sau biyar, sannan kusa da shi sau biyu, kafin set na gaske. Iskar hunturu tana busar da mutum ba tare da ya ga gumi ba, ka sha ruwa ko baka ji ƙishi ba. In wata rana bayan tirenin mai tsanani ka ga fitsari ya koma kalar Coke ga tsoka ta kumbura tana azabar ciwo, tsokar ce ta farfashe tana zuba cikin jini kuma ƙoda take toshewa, asibiti kai tsaye, musamman in kana da AS a jininka.

Da azumi kuma ba sai ka daina ba. Ka mayar da shi bayan buɗa baki da kamar awa ɗaya ko bayan tarawihi, kwana biyu a sati, ka bar nauyin yadda yake ka rage yawan set zuwa biyu, ƙwai da kindirmo su koma sahur. Nauyin da ka riƙe a watan ba zai zube ba, bayan sallah sai ka ci gaba da ƙari daga inda littafinka ya tsaya.